Sola Mai Madubi: Anya Zai Yi Arha Kamar Farantin Sola Kuwa?

Wataƙila kun taɓa cin karo da bidiyon dubban madubai a hamada, duk sun fuskanci wata doguwar hasumiya. Shi ake kira CSP, kuma daban yake da farantin solar da ke kan rufinmu.

Ga yadda yake aiki: madubai su tara hasken rana wuri ɗaya, su zafafa narkakken gishiri har ya haura digiri 500. Zafin ya tafasa ruwa, tururin ya juya injin wuta. A tanki ake adana gishirin, shi ya sa ake samun wuta ko da daddare. Tashar Noor da ke Warzazat a Maroko misali ce.

To batun kuɗi fa? Alƙaluman hukumar IRENA sun nuna daga 2010 zuwa 2023 farashin wutar CSP ya sauka da kusan kashi 70, zuwa wajen santi 12 na dala kan kowane yunit, irin wanda mita ke ƙirgawa. Farantin sola kuwa ya sauka da kashi 90, ya koma santi 4 da 'yan kai. Ma'aikatar makamashin Amurka ta sa burin CSP ya dawo santi 5 nan da 2030.

Ni dai a ganina da kamar wuya. Faranti kayan masana'anta ne, kamar sikirin ɗin waya, yawan buga shi ke karya farashinsa. CSP kuwa gini ne: ƙarfe, siminti, tanki, injiniyoyi. Ko a 2024 sai da tankin gishirin Noor III ya yi yoyo, tashar ta tsaya wata da watanni. Ga batirin litiyam kullum ƙara sauƙi yake, yana neman ƙwace masa aikin dare.

Sannan madubi tsantsar rana yake so, mu kuwa ga hazo da ƙurar hunturu.

Don haka CSP aikin gwamnati da manyan kamfanoni ne, ba na shago ko gida ba. In kana tara kuɗi, kar ka tsaya jiran sa. Faranti mai kyau da batir na gaske su za su fisshe ka.

Ku kuma ya kuka gani? Mu haɗu a kwament.