Kafin Ka Sa Allon Android Ko Inbata A Motarka, Yi Lissafin Wuta Tukuna



Kwanakin baya wani maƙwabcina a nan Rafin Guza ya fito da sassafe zai kai yara makaranta, mota ta ƙi tashi. Batirin ko wata uku bai yi ba. Da aka bincika, ashe allon Android da aka sa masa ne ya kwana yana zuƙar wuta. Mai rewayar ya haɗe jar waya da ruwan ɗorawa wuri ɗaya kai tsaye da batir, alhali jar makulli ya kamata ta bi, domin allon ya mutu idan an kashe mota.

Ni a ganina laifin ba na batir ba ne. Mu ne muke sayo kaya ba tare da tambayar ko wutar motar za ta ɗauka ba. Allon nan fa kwamfuta ce, kuma kwamfuta tana da iyakar wutar da take buƙata.

Lissafin ba wuya: wat shi ne bolt sau amp.

Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne. Ramin caji na gaban mota galibi fis ɗinsa amp 10 ne ko 15, wato wat 120 zuwa 180 kawai zai iya bayarwa. Cajar laftof ta yau da kullum wat 45 zuwa 65 ce, wannan babu matsala. Amma ka sayo inbata mai wat 500 ka cusa a ramin nan? Idan ta ɗauki cikakken kaya za ta ja sama da amp 40. Fis zai ƙone. Irin wannan inbatar batir ake haɗa ta kai tsaye, da waya mai kauri da nata fis ɗin.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne masu cire fis su ɗaura zaren waya a madadinsa. Fis ɗin nan ƙonewa yake yi don kada motar ta ƙone. Don Allah a daina.

Kafin ka tafi Panteka ko Kawo a yi maka aiki, yi waɗannan:

1. Duba jikin kowace na'ura ka rubuta wat ɗinta, ka tara, sannan ka ƙara kashi 20 cikin 100 na ko-ta-kwana.
2. Sa a auna batir da mita. Mota a kashe, cikakken batir wajen 12.6 yake nunawa. Injin na aiki, 13.5 zuwa 14.5. Idan bai kai haka ba, altaneta ba ta caji yadda ya kamata, gyara ta kafin ka ƙara mata kaya.
3. Ka sani lokacin tada mota wuta kan faɗi zuwa wajen bolt 10, shi ya sa wasu na'urori ke mutuwa su sake kunnuwa.
4. Bayan an gama haɗi, zare makulli a gaban mai rewayar ka tabbatar allon ya mutu.

Wani zai ce ai shi bai taɓa yin lissafi ba kuma lafiya lau yake. Sa'a ce kawai, malam. Minti biyar na lissafi ya fi sayen sabon batir sauƙi.

Wa irin wannan ta taɓa faruwa da shi? Ku ba mu labari. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu.