Jarrabawar Baka ga Likitocin Sa Barci: Wane Tsoro Ake Aunawa?

Duk wanda ya taɓa zama gaban malamai domin kare kundin digirinsa ya san yadda miyau ke bushewa, zuciya ta riƙa bugawa, abin da aka kwana da shi ya ɓace ɓat. Wannan hali ne likitocin sa barci ke shiga idan suka je jarrabawar baka ta neman shaidar ƙwarewa. A ganina, jarrabawar ta cancanci a riƙe ta, amma wani kaso na fargabar da ke tattare da ita bai da alaƙa da aikin likita.

A Amurka, hukumar ABA, wadda aka kafa a 1938, tana gudanar da wannan jarrabawa a birnin Raleigh. Likita yakan yi zama biyu, kowanne minti 35, gaban masu jarrabawa biyu. Ana ba shi bayanin wani majinyaci, sannan a riƙa sauya masa yanayi: jini ya ɓalle, ko bututun numfashi ya ƙi shiga maƙogwaro, sai a ce masa, yanzu me za ka yi, kuma don me? Masu tambayar ba sa nuna yarda ko ƙi a fuskarsu. A 2018 aka ƙara wani sashe da ke auna yadda likita ke magana da majinyaci.

Hikimar wannan tsari a fili take. Maganin da ke saki jikin majinyaci yakan tsayar da numfashinsa, kuma ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da 'yan mintoci. A irin wannan lokaci babu damar buɗe littafi. Dole likita ya yanke shawara nan take, ya faɗa wa abokan aiki da murya tsayayya. Takarda da alƙalami ba za su iya auna wannan ba. Tsoron da ya samo asali daga nauyin ran mutum tsoro ne mai amfani.

Sai dai akwai tsoro na biyu, wato kwarjinin mai tambaya. Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma da Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Nijeriya su ma suna jarrabawar baka, kuma da Ingilishi. Bahaushen da aka rena a kan kada ya haɗa ido da babba, kada ya yi musu da malami, yana shiga ɗakin da kaya biyu. Idan aka ce masa "ka tabbata?", ladabi kan sa ya janye amsar da take daidai. Mai jarrabawa sai ya ɗauki kunya a matsayin rashin sani, alhali Hausawa sun daɗe da raba su da cewa tsoro na daji, kunya ta gida.

Ba a ce a sassauta jarrabawa ba, domin majinyaci ne zai ɗanɗana kuɗar sassaucin. Abin da ya dace shi ne a yawaita gwaji kafin ranar, manya su saba wa ƙanana da kare ra'ayi gabansu, kuma a horar da masu tambaya su bambance shirun tunani da shirun duhun kai.

Nan ne manazarta Hausa ke da abin yi. Nazarin zance da na ladabin magana fagenmu ne, kuma za mu iya fayyace wa malaman likitanci yadda kunya ke bayyana a harshe. Haka kuma wanda ya ci jarrabawa da Ingilishi, da Hausa zai shaida wa tsohuwa a Kano ko Sakkwato cewa za a sa ta barci kuma za ta farka da yardar Allah. Samar masa da kalmomin wannan bayani nauyi ne da ya rataya a wuyanmu.