Ranar da malami bai shiga aji ba

A shekarar 2024 an ɗage komawa makaranta daga 2 ga watan Oktoba zuwa 28 ga wata, domin ambaliya ta sa an tsugunar da jama'a cikin azuzuwa. A 2020 cutar korona ta rufe makarantu daga watan Maris har farkon Yuni. Waɗanda suka yi lise a shekarun 1990 kuwa ba sai an tuna musu da yajin aiki da bashin albashi da shekarun da aka soke ɗungurungum ba. Dalilai sun sha bamban, amma ƙarshen ɗaya ne: duk ranar da malami bai shiga aji ba karatu ya tsaya cik, alhali jarrabawar BAC ba ta yafe ko babi guda.

Laifin ba na yaran ba ne. Tun shigarsu kolej hanya ɗaya aka saba musu da ita: malami ya yi shifta, su kwafa cikin kaye, su haddace, su amayar ranar jarrabawa. Ba wanda ya zaunar da su ya nuna musu yadda ake raba mako tsakanin darussa, ko yadda mutum zai rufe littafi ya gwada kansa, ya gane inda ya gurgunce. Abin mamaki, wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Ɗalibin zaure a Damagaram ko Tawa ba ya zuwa gaban malaminsa sai ya yi muɗala'a, ya ware abin da ya shige masa duhu. Ɗan kasuwar Maraɗi ma ba ya barin yaronsa a kanti sai ya koya masa yin lissafin yamma da kansa. Lakwal ce kaɗai ke riƙe da saurayi mai shekara 18 kamar ɗan goye.

Abin da muke nema ba ya cin kuɗi mai yawa. A miƙa wa kowane ɗalibi manhajar shekara tun makon farko, tare da nauyin makin kowane darasi, domin ɗan ajin D ya san rabon da zai ba lissafi da kimiyyar halittu. A ajiye tsofaffin takardun jarrabawa da gyaransu inda hannu zai kai. A ware awa guda a mako wadda malami zai duba tsarin karatun ɗalibi, ba haddarsa ba. Yaran ma sun riga hukuma: ga su nan da dare rukuni-rukuni ƙarƙashin fitilar titi, da guntun allo da alli. Shin buɗe musu aji ɗaya mai wuta, da mai gadi, ya fi ƙarfin lise? Ƴan mata, waɗanda ba a bari su zauna bakin titi, su ne za su fi cin moriyarsa.

Uwaye ma da nasu. Ma'aikacin da ke biyan malamin gida don ya maimaita shiftar safe, dogaro ya ƙara saya wa ɗansa. Mai kantin da ke tsare yaro daga tashi makaranta har isha'i, da uwar da ke jibga wa ɗiyarta aikin gida duka, su daina tambayar abin da ya kayar da su.

Kada magabata su fake da wannan magana. Ɗalibin da ya iya karatu da kansa bai sauke wa gwamnati nauyin ɗaukar ƙwararrun malamai da biyansu kan kari ba. Muna dai jiran ofishin ministan ilimi ya sa wannan awa guda cikin jadawalin shekara mai zuwa.