Hankalin Ma'aikaci Amana Ne a Wuyan Hukuma da Ƙungiya

Duk wanda ya durƙusa gaban malami ya karanci babin ijara a cikin Risala ko Muhtasar ya san malaman Malikiyya ba su inganta ɗaukar mutum aiki ba sai an san ladan, an kuma san gwargwadon aikin ko ajalinsa, domin jahiltar ɗayansu garari ne, garari kuwa ƙofar zalunci ce. Ƙungiyoyin ƙwadagonmu, tun daga NUT ta malaman makaranta, wadda aka kafa a 1931, har zuwa NULGE ta ma'aikatan ƙananan hukumomi da uwarsu NLC, sun riƙe rabin farko na wannan sharaɗi hannu bibbiyu, suka yi ta fafutika har mafi ƙarancin albashi ya kai naira 70,000 a 2024; amma ɗaya rabin, wato nauyin da ake aza wa mutum da halin da yake aiki a ciki, ba kasafai ake ambatonsa ba idan an zauna sulhu.

A dubi malamin firamare, ko ungozomar asibitin sha-ka-tafi, da aka tura Fakku ko wani ƙauye na ƙasar Kebbe da Tambuwal. Ga iyali a nesa, ga aji cike maƙil ko marasa lafiya jere a kan tabarma, ga hanyoyin da suka nufi iyakar Zamfara waɗanda ba a bin su sai da addu'a a baki saboda 'yan bindiga, ga ƙwanƙwasa ƙofa da tsakar dare domin mai naƙuda, sannan bayan wannan duka takardar canjin wurin aiki ta iso ba tare da an shawarce shi ba. To, in barci ya ƙaurace masa, jininsa ya hau, ya fara yi wa almajiransa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, sai manyansa su ce raggo ne, dangi su ce jifa ne, kowa kuma ya ce ya yi haƙuri. Haƙuri ibada ce babu shakka, sai dai ladarsa ta mai yin sa ce, ba ya zama uzuri ga wanda ya ɗora kayan. Malaman usulu ma sun lissafa kiyaye hankali cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su.

Dokar ƙasa ba ta yi shiru ba. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke zartarwa, ta yarda a sashe na 8 cewa damuwar ƙwaƙwalwa da aiki ya haifar abin biyan diyya ce, har da wadda ta samo asali daga sauya wa mutum aiki fiye da ƙarfinsa. A 2022 Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan cin zarafi da muzgunawa a wurin aiki. Amma diyya galibi sai likita ya tabbatar da cutar, asibitin ƙwaƙwalwa kuwa yana can Kware, arewa da birnin Sakkwato, kuma mutumin Fakku zai gwammace ya haɗiye ciwonsa da a ji an ce an kai shi Kware. Ko an biya ma, ɓarna ta riga ta auku.

Ra'ayina shi ne maganin yana kusa, a sakatariyar ƙaramar hukuma. A Turai tun 2004 ƙungiyoyin ma'aikata da na masu ɗaukar aiki suka ƙulla yarjejeniya kan damuwar da aiki ke haifarwa da kansu, ba su jira majalisa ba. Mu ma ba abin da zai hana shugabannin ƙungiya su zauna da sakataren ilimi da daraktan lafiya, su rubuta wa'adin da mutum zai yi a ƙauye mai nisa kafin a sauya shi, da ranar da albashi ba zai wuce ba, da wanda za a kai wa ƙara in shugaban ne da kansa abin ƙarar. Su rubuta kuma cewa wanda ya janye daga wurin aiki saboda haɗari bayyananne ba za a yanke masa albashi ba, gama yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 1994, ta riga ta ba shi wannan kariya.

Za a ce hukuma ba ta da kuɗi. Akasarin abin da na zana ba kuɗi yake ci ba, adalci yake bukata da cika alkawari, kuma hukumar ce za ta fara cin moriya, domin malamin da ya san ranar komawarsa gida ba ya ƙirƙiro dalilan fashin aiki. Ƙungiya ma da nata alhakin: tunda ana cire mata kuɗi daga albashin malamin Fakku kowane wata, wajibi ne wakilinta ya taka har makarantar, ya zauna da shi ba shugabansa a wurin, ya rubuta abin da ya ji, ya kai shi zama na gaba.