Giginyar Da Aka Sare Don Tsoron Fatalwa

A ƙasar Bengal, wadda yau ta rabu tsakanin Indiya da Bangaladash, akwai wata bishiya mai kama da giginya, ana ce da ita Taliera. Sha'aninta da ban mamaki. Takan yi shekara hamsin ko fiye, ba fure ba ɗa. Ran da ta tashi haihuwa sai wani dogon tsiro ya fito daga ƙoƙuwarta, ta yi fure, ta zub da 'ya'ya, sa'an nan ta mutu. Haihuwar ke nan, ba ta biyu.

A 1979 wadda ta rage a daji, can cikin gundumar Birbhum, ta yi fure. Mutanen ƙauyen ba su taɓa ganin giginya da ƙaho ba, suka ce ai fatalwa ce, suka kayar da ita tun 'ya'yan ba su nuna ba. Da wuya a ga laifinsu, tun da ba wanda ya sanar da su darajarta.

Allah ya sa akwai wata a harabar Jami'ar Dhaka. Ita kam an tsare ta har ta haihu, aka tsince 'ya'yan a 2010, aka shuka, aka rarraba dashen, uwar kuwa ta bushe. A daji dai har yanzu ba a sake ganin ko ɗaya ba.