Kafin ka ƙara kuɗin haya saboda "ruwan zafi nan take", duba wayar da ke cikin bango

Da zarar hunturu ya kawo kai, tallan gidajen haya a Jiji da Facebook da zaurukan WhatsApp na dillalai sai ya canja salo. Ciki da falon da aka yi wata uku ana tallarsa da tayil da bohol kawai, sai ka ga an ƙara masa layi guda: akwai hita mai ba da ruwan zafi nan take. A saka hoton wata farar na'ura mai girman littafi a jikin bangon banɗaki, kuɗin haya kuma ya ɗaga. Duk wanda ya taɓa wankan asuba a Jos ko Zariya cikin watan Janairu ba zai zargi mai neman irin wannan gida ba. Amma a ra'ayina, a mafi yawan unguwanninmu wannan na'ura ba ta cancanci ƙarin ko naira dubu ɗaya a kan haya ba, sai idan an cika wasu sharuɗɗa da ba sa fitowa a hoto.

Hita mai zafi nan take ba ta ajiye ruwa. Ruwan sanyi ne yake ratsa ta, ta ɗumama shi cikin daƙiƙoƙin da yake wucewa. Kafin ta iya haka dole ta ja wuta mai yawan gaske a lokaci guda. Ƙananan cikinsu suna cin wat 3,500, matsakaita 5,500, akwai masu kaiwa 7,000 da sama. Cajar wayarka mai sauri wat 25 take ci, wato hita mai wat 5,500 daidai take da caja 220 da aka jona a tare. Ƙaramin janareton da ake kira "na fi maƙwabcina" bai kai wat 1,000 ba, don haka ba ma a maganarsa. Inbata mai 3.5kVA da ake sa wa gida mai sola ita ma faɗuwa za ta yi da zarar ka buɗe shawa.

Abin da wannan yake nufi shi ne, sai akwai wutar Nepa a daidai mintin da kake tsaye a banɗaki. Idan an kawo ta ƙarfe biyun dare aka ɗauke ƙarfe biyar, hitarka ado ce.

Ko da akwai wutar, akwai batun ƙarfinta. An ƙera waɗannan na'urori ne don bolt 230. A unguwar da taransifoma ɗaya ke ɗauke da gidaje fiye da ƙima, wuta kan zo da 180 ko ƙasa da haka, musamman da safe da kowa ya kunna nasa. Zafin da hita ke bayarwa kuwa yana raguwa fiye da yadda wutar ta ragu: a bolt 180, mai wat 5,500 tana komawa kamar 3,400. Ga lissafin da mai sayarwa ba zai yi maka ba. Don ɗaga ruwa daga digiri 15 zuwa 40, wat 5,500 na ba da lita uku da ɗoriya a minti ɗaya, wanda ya isa wanka. Wat 3,400 kuwa lita biyu ce da ƙyar. Ko dai ka rage famfon ruwan ya riƙa ɗiga, ko ka buɗe shi ka yi wanka da ruwan da bai san an ɗumama shi ba.

Shi kansa ruwan yana da nasa sharaɗin. Yawancin irin wannan hita ba ta tashi sai ta ji ruwa na gudu da ƙarfi a cikinta. Ƙarfin ruwan tankin sama ya dogara ne da tsayinsa, kusan mita goma ne ke ba da ba ɗaya. Tankin da aka ɗora mita uku sama da kan shawa bai wuce 0.3 ba, kuma wasu hitocin ba za su kunnu da wannan ba sai an ƙara musu ɗan injin tura ruwa. Wanda ya kama ɗaki a bene na sama, kusa da tankin, shi ya fi kowa shan wannan wahala.

Duk waɗannan ɓacin rai ne kawai. Wanda ke iya cin rai shi ne aikin waya. Wat 5,500 a bolt 230 kusan amfiya 24 ke nan, alhali soket ɗin bangon gidajenmu mai ƙafa uku amfiya 13 aka yi shi ya ɗauka. Hita irin wannan tana buƙatar layinta ita kaɗai tun daga akwatin rarraba wuta, da waya mai kauri milimita 4 ko 6, da birekarta. Sannan dole a samu wayar ƙasa ta gaskiya, wadda aka haɗa da sandar da aka binne, da kuma na'urar nan mai yanke wuta da zarar ta fara zurarewa, wadda ake rubuta 30mA a jikinta. A gidajen haya da yawa abin da ake yi shi ne a janyo waya daga soket mafi kusa, a naɗe da baƙin salatif, a shafe da siminti. Mutum ne tsaye ba takalmi, jikinsa jiƙe, hannunsa kan famfon ƙarfe. Gaskiya ba na jin akwai wani wuri a gida da ganganci da wuta ya fi nan haɗari.

Sai dai a yi wa na'urar adalci: ba ta cinye kati kamar yadda ake yaɗawa. Ɗumama lita 20 daga digiri 15 zuwa 40 bai wuce yunit 0.6 ba, ko da wace irin hita aka yi. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit, daga baya ya sauko zuwa kimanin 209. A wannan farashi wanka ɗaya kusan naira 120 ne. Matsalar tana tasowa ne a gidan da 'yan haya biyar suke karo-karo a mita ɗaya. Ranar da maƙwabta suka gane kai kaɗai ke da hita, duk yunit ɗin da ya ɓace kai ka sha shi. Kuma idan gidan yana kan layin Band A da gaske, inda aka yi alkawarin wuta aƙalla awa 20 a rana, aikin wayar mai kyau ne, mitar taka ce kai kaɗai, to hita mai zafi nan take abu ce mai daɗi, ba ni da ja.

Ga sauran mu da KEDCO ko JED ko Kaduna Electric ke ba wa wuta yadda ta samu, tsohuwar hita mai tanki ta fi dacewa, duk da ba ta da kyan hoto. Mai lita 15 da ke cin wat 1,500 tana kai ruwa digiri 60 cikin kusan rabin awa, kuma jikinta a lulluɓe yake, yana riƙe zafin sa'o'i bayan an ɗauke wuta. Fawa banki ce, sai dai zafi take ajiyewa. Wutar da aka kawo kana barci ita za ta yi maka wankan asuba, ka sirka da ruwan sanyi ka samu bokiti cike. Idan wutar ta zo da rauni, za ta ɗauki lokaci ne kawai, amma za ta kai. Ita ma tana buƙatar wayar ƙasa da na'urar yanke wuta, kada a ɗauka ta kuɓuta daga wannan. Akwai kuma mai aiki da gas, wadda ba ruwanta da Nepa, amma idan ka ganta a cikin rufaffen banɗaki ba bututun fitar da hayaƙi, juya ka fita. Iskar da take fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.

Saboda haka kada ka biya kuɗin gida a kan bidiyon da dillali ya turo maka. Ka je da kanka, da sassafe idan da hali, lokacin da wuta ta fi rauni kuma ruwan tanki ya fi sanyi. Buɗe shawa ka bar ta minti biyar, ka ga ko zafin zai tsaya, ko fitilun gidan za su dushe. Ka ce a nuna maka akwatin wuta, ka nemi birekar hitar, ka danna maɓallin gwajin da ke jikin na'urar yanke wuta, in tana aiki nan take za ta faɗi. 'Yar na'urar auna bolt da ake jonawa a soket ba ta da tsada, kuma tana shiga aljihu. In ba ka gane kan wayoyi ba, kuɗin da za ka ba mai gyaran wuta ya raka ka bai kai ko kusa da ƙarin da ake so a ɗora maka a shekara ba. Ka tsaya a ƙofar gida ka tambayi mai shagon layin sau nawa aka kawo wuta a makon nan, shi ba ya cin la'ada.

Idan gidan ya yi maka amma hitar ba ta ci jarrabawa ba, ka nemi a cire ƙarin daga kuɗin haya ka sa mai tanki da kuɗinka. Sai dai ka tabbata an rubuta a takardar yarjejeniya, da sa hannun mai gida, cewa taka ce kuma za ka kwance ta ranar da za ka tashi.