Kunkurun Teku da Alƙalaminmu



A shekarar 1895 wani mai bincike, George Wieland, ya tono ƙasusuwan wani kunkurun teku a jihar Dakota ta Kudu a Amurka, ya raɗa masa suna Archelon. Mafi girman wanda aka samu ya haura mita 4 daga kai zuwa wutsiya, nauyinsa ya wuce tan 2, kuma masana sun ƙiyasta ya rayu fiye da shekara miliyan 70 da suka wuce. Yaran Amurka sun san shi, don an rubuta musu shi cikin harshensu, an zana musu shi.

Mu fa? Idan labarinmu ya buƙaci abin tsoro, aljani muke kira, ko mu koma rijiyar Kusugu mu ɗauko macijin Bayajidda. Ba mu raina su ba, mu nan ƙasar Daura da su aka raine mu. Sai dai guga ya daɗe yana shiga rijiya ɗaya.

Alhali a wancan zamanin teku ya ratsa ta inda Sahara take yau, ya malale ƙasar Sakkwato da yankin Tawa a Nijar. Ya janye, amma ya bar shaida a cikin dutse. A wajajen Goronyo aka samu ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren ruwa mai cin nama, har sunansa na kimiyya, Goronyosaurus, yana ɗauke da sunan garin. Akwai kada mai suna Sokotosuchus. Akwai kunkuru Nigeremys, wanda aka tsinci ƙoƙon kansa a Nijar, ɗan dangin kififiyar nan da ke lanƙwasa wuya gefe idan za ta ɓoye kai. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin simintin Sakkwato da ita ma, a gindin teku ta taru, daga ɓawon halittun ruwa. Wato magininmu a Kongolam da ya kwaɓa wannan siminti, ragowar teku yake shafa wa bango bai sani ba. Kuma tekun bai san shingen kwastan ba, Nijeriya da Nijar duk ƙarƙashin ruwa ɗaya ya haɗa su.

Garuruwanmu sun shiga littattafan kimiyya na duniya, amma ɗan Goronyo sai ya iya Turanci kafin ya ji labarin abin da ke ƙarƙashin gonar kakansa. Wannan giɓin namu ne, mu masu alƙalami.

Za a ce ai Hausa ba ta da kalmomin. Ba mu yarda ba. "Ƙashin da ya zama dutse" ya isar da saƙo, ko tsohuwa a ƙauye za ta gane. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne gaggawa: wani ya ji wannan bayani, gobe ya rubuta cewa Archelon ya yi iyo a Sakkwato. Bai yi ba, na Amurka ne, namu danginsu daban. Labarin ƙirƙira yana da 'yancin ba kunkuru baki ya yi magana kamar na tatsuniya, amma idan muka ce wa yaro ga abin da aka tono, to a tabbata an tono shi.

Wanda zai gwada a wannan mako, ga mafari: yarinya tana kiwon awaki a bayan Goronyo, ta tsinci haƙori a cikin dutse, ta kai wa kakarta. Me kakar za ta ce mata? Shafi biyu ya isa.